Wa Ke da Waƙar da Ba a San Wanda Ya Yi Ta Ba?

Da wuya a yi wata guda ba a ji wata tsohuwar waƙa ta farfaɗo a intanet ba. Matashi zai ɗauko muryar wata dattijuwa da aka naɗa tun kafin a haife shi, ya ɗora mata kiɗan zamani, kafin mako ya zagayo miliyoyin mutane na rawa da ita. A ƙarshen 2020 wani mai raba wasiƙu a Sikotilan, Nathan Evans, ya rera wata tsohuwar waƙar masu farautar manyan kifayen teku ta ƙasar Niyu Zilan a TikTok. Zuwa watan Maris na 2021 ita ce ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, shi kuwa tuni ya ajiye jakar wasiƙu ya rungumi waƙa. Duk sanda irin haka ta faru, gardama ɗaya ce ke tashi. Wasu su ce ai ta gargajiya ce, ba ta da mai ita, wanda ya ga dama ya ɗauka. Wasu su ce ina, tamu ce, kakanninmu suka bar mana, an yi mana sata da rana tsaka.

To wa ke da waƙar da ba a san wanda ya fara rera ta ba? Amsar na buƙatar a san yadda irin wannan waƙa ke samuwa, yadda take ƙetare teku da iyakoki, da abin da ke faruwa da ita idan ta shiga faifai. Ni dai a ganina babban kuskuren da ake yi shi ne haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: rashin sanin sunan mai waƙa, da rashin masu waƙar. Ɓarnar da ta biyo bayan wannan kuskure ba kaɗan ba ce.

Me ake nufi da waƙar gargajiya?

Mutane da yawa na ɗaukar tsufa a matsayin ma'auni, wato duk waƙar da ta kwana biyu ta zama ta gargajiya. Wasu kuma kayan kiɗa suke dubawa, in sun ji ganga da sarewa sai su yanke hukunci. Duka biyun ba su isa ba. Akwai waƙoƙin da suka haura shekara ɗari uku da aka san wanda ya tsara su, kuma har yau ana rera su kalma da kalma kamar yadda ya rubuta. Akwai kuma mawaƙin da zai zauna yau ya tsara sabuwar waƙa da kayan kiɗan kakanninsa. Wannan waƙarsa ce, da sunansa, ko da salon na gargajiya ne.

A 1954 ƙungiyar masana waƙoƙin gargajiya ta duniya ta yi taro a birnin São Paulo na Brazil, ta amince da wani bayani da ya samo tushe daga littafin da Baturen Ingila Cecil Sharp ya fitar a 1907. Bayanin ya ce waƙar gargajiya ita ce wadda ke tafiya daga baki zuwa kunne, kuma abu uku ke sarrafa ta. Akwai ɗorewa, wato na yau na karɓa daga na jiya. Akwai sauyi, domin kowane mai rerawa na ɗan taɓa ta, ko da gangan ko don mantuwa. Sai kuma zaɓi, wato jama'a ce ke tace abin da zai zauna da wanda zai faɗi. Baitin da bai yi wa mutane daɗi ba, ba wanda zai hana a rera shi, kawai dai ba wanda zai maimaita.

Masana na baya sun yi wa wannan bayani gyare-gyare da yawa, musamman da aka gane cewa takarda da rediyo sun daɗe suna shiga tsakanin baki da kunne. Amma ƙashin bayansa na nan. Abin da zan ƙara shi ne, kusan kowace irin wannan waƙa tana da aikin da take yi. Ta reno tana sa jariri barci, ta aiki tana daidaita hannuwan ma'aikata, ta makoki tana ba mai baƙin ciki kalmomin da ya rasa, ta wasan yara tana raba wanda zai ɓuya da wanda zai nema. A riƙe wannan, don zai dawo idan an zo maganar adanawa.

Daga ina take fitowa?

An daɗe ana kai ruwa rana a kan wannan. A ƙarni na 19 wasu masanan Jamus, da waɗanda suka bi sahunsu a Amurka, sun tafi a kan cewa jama'a ce gaba ɗaya ke ƙirƙirar waƙa. Taro na rawa, wannan ya jefa kalma, wancan ya jefa, waƙa ta haɗu. A shekarun 1920 wani masanin Jamus, Hans Naumann, ya ɗauki ɗaya gefen, ya ce talakawa ba sa ƙirƙira, abin da ya gangaro daga fada da gidajen masu ilimi suke tsinta su lalata. Magana ta farko ta yi wa jama'a kirarin da ya wuce gaskiya, ta biyu kuma raini ce tsagwaronsa. Abin da mafi yawan masu bincike suka tsaya a kai daga baya shi ne, mutum ɗaya ne ke farawa, mace ko namiji, mai suna da dangi, sannan jama'a ta yi ta sake ƙera waƙar har sunan na farkon ya ɓace, wani lokaci ma har kalmominsa.

Wanda ya fi haska yadda wannan sake ƙerawa ke gudana shi ne Milman Parry, malami a jami'ar Harvard. Tsakanin 1933 da 1935 ya shiga ƙauyukan tsohuwar Yugoslabiya tare da ɗalibinsa Albert Lord, suna naɗar mawaƙan tarihi masu kiɗa wani irin goge mai tsirkiya ɗaya. Yawancinsu ba su iya karatu ba. A garin Bijelo Polje suka haɗu da Avdo Međedović, manomi, wanda ya ba su waƙa ɗaya mai layi fiye da 12,000. Parry ya yi wani gwaji. Ya sa wani mawaƙin ya rera waƙar da Avdo bai taɓa ji ba, shi kuma yana zaune yana saurare. Da aka gama ya tambaye shi ko zai iya maimaitawa. Avdo ya ɗauki gogensa ya rera labarin nan ɗaya, amma tsawon nasa ya kusa ninka na farkon sau uku. Ya ƙara siffanta dawakai da tufafi, ya buɗe zukatan jaruman labarin, ya shimfiɗa abin da wancan ya taƙaita.

Abin da Parry da Lord suka fahimta shi ne, irin wannan mawaƙi ba hadda yake yi ba. Yana da taskar jimloli da aka gada waɗanda suka dace da karin waƙar, yana da ƙashin labari a kansa, sauran kuwa a bakin rerawa yake gina shi. Idan ka tambaye shi zai rantse maka cewa yadda ya ji haka ya rera, bai sauya komai ba, kuma a fahimtarsa gaskiya ya faɗa, domin a wajensa labarin ne waƙar. Saboda haka neman "ainihin" waƙar gargajiya, wadda duk sauran suka karkace daga gare ta, sau da yawa neman abin da babu ne. Kuma duk wanda ya ce Avdo bai ƙirƙiri komai ba don labarin gado ne, bai yi masa adalci ba.

Yadda take tafiya

Waƙa ba ta da nauyi a kai, shi ya sa take zuwa duk inda mutum ya je. Amarya na kai ta gidan miji, fatake na bi da ita hanya, soja na dawowa da ita daga fagen fama, matuƙan jirgin ruwa na sauke ta a tashar da ba su san harshenta ba. Karin murya ya fi kalmomi saurin ƙetare iyaka, don ba ya buƙatar tafinta.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan fanni ya fara ne a gaɓar tekun jihar Jojiya ta Amurka. A farkon shekarun 1930 masanin harsuna Lorenzo Dow Turner, baƙar fata ɗan Amurka, yana nazarin maganar al'ummar Gullah, jikokin bayin da aka kai gonakin shinkafa. A wani ƙauye mai suna Harris Neck wata mata, Amelia Dawley, ta rera masa 'yar gajeriyar waƙa mai layi biyar da ta koya a wajen mahaifiyarta. Ba ta san ma'anarta ba, ba ta ma san harshen ba. Daga baya wani ɗalibi ɗan Saliyo ya saurari faifan ya ce ai wannan harshen Mende ne. Sai wajen 1990 wasu masu bincike, cikinsu har da Joseph Opala da Cynthia Schmidt, suka ɗauki muryar suna bi ƙauye-ƙauye a Saliyo suna kunna wa mutane. Aka yi ta yawo ba a dace ba, sai a wani ƙauye da ake kira Senehun Ngola wata mata, Baindu Jabati, ta ji ta kama rerawa tare da faifan. Ashe waƙar jana'iza ce ta mata, wadda aka daina yin al'adarta tuntuni, kakarta ce ta koya mata. Yaƙin basasa ya kawo tsaiko, amma a 1997 'yar Amelia, Mary Moran, ta je ƙauyen, matan biyu suka rera waƙar tare. A dubi abin da ya faru a nan. An raba mutane da ƙasarsu da harshensu da sunayensu, amma layi biyar suka tsira a bakin mata, daga uwa zuwa 'ya, na tsawon ƙarni biyu ko kusa da haka. Wa zai kalli waɗannan mata ya ce waƙar ba ta da masu ita?

Hijira ta son rai ma haka take yi. Tsakanin 1916 da 1918 Cecil Sharp da Maud Karpeles sun zaga duwatsun Appalachia a Amurka, suka tarar da jikokin baƙin da suka zo daga Ingila da Sikotilan na rera waƙoƙin da a can gida an fara mantawa da su. Akwai wata waƙar soyayya da mutuwa da Samuel Pepys, wani jami'in gwamnatin Ingila, ya rubuta a kundinsa cewa ya ji an rera a Landan a 1666. Da wani masani, Bertrand Bronson, ya tattara kare-karen muryar da aka samu nata a ƙarni na 20, sai da ya buga kusan 200.

Yaɗuwa tana da nata tashin hankalin. Akwai wani karin murya guda da Turkawa da Girkawa da Albaniyawa da mutanen Bosniya da Sabiya da Bulgeriya kowa ke cewa nasa ne. A nan waƙar soyayya ce, a can ta addini, a wani wurin ta kishin ƙasa. Wata mai shirya fim 'yar Bulgeriya, Adela Peeva, ta bi sawunsa ƙasa-ƙasa a fim ɗin da ta fitar a 2003, kuma a wasu wurare da ta nuna cewa maƙwabta ma suna da shi, maganar ta kusa kai ga faɗa. Kowannensu na da gaskiya da ya ce tasa ce. Inda ya kauce shi ne da ya ce tasa ce shi kaɗai.

Masu tattarawa, da abin da suka zo nema

Tattara waƙoƙin jama'a tsohon aiki ne. Kundin waƙoƙi mafi daɗewa a ƙasar Sin, wanda aka haɗa fiye da shekara 2,500 da suka wuce, na ɗauke da waƙoƙi 305, kuma 160 daga ciki an danganta su ga yankuna daban-daban na ƙasar. A zamanin daular Han har ma'aikatar kiɗa aka yi mai tattaro abin da mutane ke rerawa, kuma tsofaffin marubutan Sin sun ce sarakuna na sauraron waƙoƙin ne don su san halin da talakawa ke ciki.

A Turai guguwar ta taso ne da kishin ƙasa. Masani Bajamushe Johann Gottfried Herder ya buga tarin waƙoƙin al'ummomi a 1778 da 1779, yana ganin ruhin kowace al'umma na cikin waƙarta. Ƙananan ƙasashen da ke ƙarƙashin manyan dauloli suka kama wannan hannu bibbiyu. Likita Elias Lönnrot ya zaga ƙauyukan Finland da Kareliya, ya haɗa abin da ya ji ya zama doguwar waƙar tarihin ƙasa a 1835. A Latbiya, Krišjānis Barons ya tsara gajerun waƙoƙi kusan 218,000, kowace a kan 'yar takarda, cikin wani kabad mai aljihuna da aka ƙera don wannan aiki, aka buga su tsakanin 1894 da 1915.

Sai na'ura ta zo. Edison ya ƙirƙiro na'urar naɗar murya a 1877, kuma a 1890 Jesse Walter Fewkes ya naɗi waƙoƙin al'ummar Passamaquoddy a jihar Maine ta Amurka a kan wasu 'yan gwangwanaye na kakin zuma. Aka buɗe ma'adanar muryoyi a Vienna a 1899, ta Berlin a 1900. Masana kiɗa 'yan Hangari, Béla Bartók da Zoltán Kodály, suka shiga ƙauyukan Hangari da maƙwabtanta da na'ura a baya, Bartók har Biskra ta Aljeriya ya kai a 1913. A Afirka, Hugh Tracey ya kafa ɗakin adana kiɗan Afirka a 1954, wanda yanzu ke jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu.

Ba don waɗannan mutane ba da dubban waƙoƙi sun bi masu su kabari, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai mai tattarawa ba ya zuwa da hannu wofi, yana zuwa da abin da yake son ji. Wasu a Ingila sun goge baitocin da suka ga sun yi batsa, suka sa nasu, suka ɗora wa waƙoƙin kiɗan fiyano don a koyar a makarantu. Sharp ya je Appalachia neman tsoffin waƙoƙin Ingila, saboda haka bai mai da hankali kan na baƙaƙen fata da na coci da ke kewaye da shi ba. Lönnrot ya ɗinke baitocin mawaƙa daban-daban, ya cike giɓi da nasa. Sannan a ma'adanai da yawa za ka tarar da sunan mai naɗa da sunan ƙabila da ranar naɗa, amma wajen sunan mai rerawa an rubuta "wata mata" kawai. Wasu daga cikin waƙoƙin da ake cewa ba a san mai su ba, a nan aka ɓatar da sunan, ba a zamanin da can ba.

Shiga faifai ya isa a ce an adana?

Faifai na kama rerawar rana ɗaya ce, ta mutum ɗaya, a gaban baƙo mai na'ura. Wannan babban abu ne, amma idan faifan ya bazu sai ya zama alƙali. Yara su koya daga gare shi, kuma in wata tsohuwa ta rera yadda ta gada, a ce mata ta yi kuskure. Sauyin nan da aka ce yana cikin ginshiƙai uku sai ya tsaya cak.

Abin da ke kashe waƙar gargajiya da gaske kuwa shi ne mutuwar aikinta. Matuƙan jiragen ruwa masu filafilai na da waƙoƙin jan igiya, jagora ya bayar, sauran su amsa su ja a tare. Da jirgi mai tururi ya zo, ba sauran igiyar da za a ja. A tsibiran Hebrides na Sikotilan mata na zama kewaye da dogon tebur suna bugun ɗanyen ƙyallen ulu don ya yi kauri, suna waƙa da amshi na sa'o'i. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 inji ya karɓi aikin. Waƙoƙin na nan a faifai, ana kuma rera su a dandamali, amma taron matan da ke ƙara sabbin baitoci suna tsokanar juna ya watse. Ba wanda zai ce a koma wahalar hannu don a ceci waƙa. Sai dai a san cewa abin da aka adana wani ɓangare ne.

Shi kansa faifan ba ya dawwama. Tef na ruɓewa, na'urorin kunna shi an daina ƙera su. A 2019 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa wajen 2025 kunna tsofaffin tef zai fara gagara saboda rashin na'urori da kayan gyara. Gidajen rediyo na ƙasashe masu tasowa na cikin haɗari, alhali suna riƙe da taska mai yawa. A Gini, wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, da tallafin ɗakin karatu na Birtaniya, ya kwafe waƙoƙi fiye da 9,000, na zamani da na gargajiya, daga tef ɗin gidan rediyon ƙasar a Konakiri zuwa kwamfuta. Gidajen rediyo nawa ne ba su sami irin wannan gata ba?

Japan a 1950 da Koriya ta Kudu a 1962 sun bi wata hanyar, suka yi dokokin da suka kai ga tallafa wa gwanayen da ke riƙe da fasahar domin su koyar da na baya. Wannan tunani na kula da mutum mai rai shi ne ya shiga yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ba a taɓa su da hannu, wadda ta fara aiki a 2006, kuma ƙasashe fiye da 180 suka shiga. Ita ma tana da nata cikas. A Koriya an soki tsarin da cewa yana tilasta wa gwani ya tsaya kan siffa ɗaya da hukuma ta amince da ita. Jerin UNESCO kuma gwamnatoci ne ke kai suna, don haka yakan zama gasar ƙasashe. Shahararriyar waƙar gargajiyar Koriya sau biyu aka sa ta, ta Kudu a 2012, ta Arewa a 2014.

Giɓin da doka ta bari

Dokar haƙƙin mallaka an gina ta ne a kan mutum sananne da ya ƙirƙiri sabon abu, kuma kariyar na ƙarewa bayan wani lokaci. Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka ta sa mafi ƙaranci shekara 50 bayan mutuwar mai aikin, ƙasashe da yawa sun kai 70. Waƙar gargajiya ba ta cika ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba, don haka doka na kallon ta a matsayin ta kowa. Amma wanda ya naɗe ta yana da haƙƙi a kan faifansa, wanda ya sake tsara ta yana da haƙƙi a kan tsarinsa. Sau da yawa mai rerawar ce kaɗai ke tashi a tutar babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wajen 1970 masanin kiɗa Hugo Zemp ya naɗi wata mata mai suna Afunakwa a tsibirin Malaita na tsibiran Solomon tana rera waƙar reno. An fitar da muryar a faifan UNESCO a 1973. A 1992 wasu makaɗa biyu na Faransa da ake kira Deep Forest suka ɗora ta a kan kiɗan zamani, faifansu ya sayu da miliyoyi, aka yi tallace-tallace da shi, ba a ambaci sunanta ba. Har wani mai busa ɗan Norway ya sake ta a 1996 yana zaton daga tsakiyar Afirka ta fito. Haka aka yi wa Difang da matarsa Igay, manoma 'yan ƙabilar Amis ta Taiwan, waɗanda aka naɗa a Faransa a 1988. Ƙungiyar makaɗa ta Enigma ta sa muryarsu a waƙar da ta zaga duniya, har aka yi tallar wasannin Olamfik na Atlanta da ita a 1996. Su sun kai ƙara, aka sasanta a 1999, aka kuma amince a riƙa ambaton sunansu.

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa ta ɗaya gefen, wato a kira waƙar mutum sananne ta gargajiya don dai talaka ne daga nesa. Solomon Linda, Bazule ma'aikaci a Johannesburg, ya naɗi waƙarsa ta zaki a 1939 a kamfanin Gallo, aka sallame shi da 'yan sulalla. A Amurka aka ɗauke ta a matsayin waƙar gargajiyar Zulu, aka sake ta a farkon shekarun 1950, aka ƙara mata kalmomin Turanci a 1961, daga baya ta shiga fim ɗin Disney. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai da ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a 2000, aka shigar da ƙara a 2004, kafin a sasanta da iyalinsa a 2006.

Ƙasar Bolibiya ce ta fara kai kuka ga UNESCO a hukumance a 1973, tana neman a yi wa al'adun gargajiya kariya ta duniya. Hukumar haƙƙin mallaka ta duniya, WIPO, ta kafa kwamiti a kan batun a 2000. A watan Mayun 2024 an cimma yarjejeniya kan albarkatun halittu da ilimin gargajiya da ke tattare da su, amma ba ta shafi waƙa ba. Nan tsugune ba ta ƙare ba.

Masu adawa da sabuwar doka ba duka ne 'yan kasuwa masu son banza ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Aro shi ne numfashin waƙar gargajiya, in aka sa mata shinge an kashe abin da ake son karewa. Sannan wa za a biya idan ƙabilu uku a ƙasashe biyu na rera abu ɗaya? Gana ta gwada wata mafita. Dokarta ta 2005 ta damƙa haƙƙin al'adun gargajiya a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, kuma mai son yin kasuwanci da su sai ya nemi izinin hukumar da ke kula da su ya biya. Mawaƙan ƙasar da dama suka yi ƙorafi, domin dokar ta haɗa har da su, wato mutum ya biya gwamnati kafin ya yi sana'a da waƙar kakarsa. Ni ban ga hikimar ƙwace waƙa daga kamfani a miƙa wa ofis ba, in dai ƙauyen da ya raya ta bai ga komai ba. Inda na tsaya shi ne a bambanta rerawa da sayarwa. Kowa ya rera, ya sauya, ya koya wa ɗansa. Amma wanda zai ɗauki muryar wani mutum takamaimai ya yi kuɗi da ita, ya nemi izini, ya faɗi suna, ya ba da kaso.

Abin da ya shafi mai waya a hannu

Yau aikin da Bartók ya yi da na'ura mai nauyi a baya, kowane mai waya na iya yin sa. Wannan dama ce da ba a taɓa samu ba, kuma tsofaffin kurakuran na nan suna jira. Mai naɗar dattijo ya fara da tambayar sa ko ya yarda a sa a intanet, domin akwai waƙoƙin da masu su ba sa son a ji a wajen lokacinsu ko wajen mutanensu. Ya bar shi ya faɗi sunansa da bakinsa a farkon naɗin, da wanda ya koya masa, da lokacin da ake rera waƙar, da ma'anar kalmomin da suka tsufa. Suna da aka rubuta a ƙasan bidiyo na ɓacewa da zarar an tura shi sau biyu, wanda ke cikin muryar kuwa yana tafiya da ita. In an sami wani da ke rera ta daban, shi ma a naɗe shi, kada a tsaya tantance wanda ya fi daidai. Kuma a ajiye kwafi a wani wuri bayan wayar da shafin sada zumunta, don shafi na iya rufewa, waya na iya faɗawa ruwa.

Ga matashin mawaƙi mai son ɗora tsohuwar murya a kan sabon kiɗa, kalmar "ta gargajiya" ba kariya ba ce a kotu. Faifan da ya ciro muryar yana da mai shi, kuma kamar yadda labarin Linda ya nuna, waƙar kanta na iya kasancewa da magada. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke koyo daga duk sautin da ke intanet, muryar da aka ɗora ba suna ba bayani ta fi kowace saurin narkewa cikin kayan wasu.

Su ma manyan ma'adanai sun fara sauya hali. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya kwafe gwangwanayen kakin zuma 31 da suka rage daga naɗin Fewkes na 1890 da na'urorin zamani, ya mayar wa al'ummar Passamaquoddy muryoyin. Dattawansu masu jin harshen suka zauna suna saurare, suna rubuta kalmomin, suna gyara bayanan da aka yi kuskure a kansu fiye da shekara ɗari. A kundin ɗakin karatun yanzu akwai alamun da al'ummar ta sa da kanta, masu nuna cewa a ambace su idan an yi amfani da waƙoƙin, kuma ba don kasuwanci ba ne. Alamun ba su da ƙarfin doka, roƙo ne da sanarwa. Wasu daga cikin waƙoƙin kuwa an koma rera su a tarukan al'ummar.